Ƙaramar Amfilifaya, Batirin Sola da Rediyon Kawu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurari muryar ba. Yau mun ɗan ajiye maganar da muka saba. Kan kayan sauti na gida za mu yi magana, kuma kada wani ya ce wannan hirar masu kuɗi ce. Duk wanda ya taɓa tara kuɗin sayen batirin sola, ya ga batirin ya mutu kafin lokacinsa, maganar ta shafe shi.

Bari in fara da yadda abin ya same ni. A gidanmu na Mandera akwai wata tsohuwar amfilifaya da yayana ya sayo tun ina sakandare, irin mai nauyin nan da sai ka sa hannu biyu kake ɗaga ta. Da ita muke jin karatu da safe, da ita muke jin tafsiri da azumi, in dare ya yi kuma samari su taru a zaure a saka kiɗa. Da janareta muke kunna ta. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, janaretan ya koma kayan ado a bayan ɗaki. Muka haɗa kuɗi muka sayi farantin sola, batir ɗaya mai bolt 12, da ƙaramar inbata. Fitilu suka kama, ana cajin waya, fanka tana juyawa. Amma duk daren da aka kunna amfilifayar nan, kafin ƙarfe goma inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya, kowa ya kwana cikin zufa. Ku da kuka san watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kun san wannan ba ƙaramin laifi ba ne a gida.

Na ɗauke ta na kai wa wani abokina mai gyaran rediyo a Bodinga, ina zaton ta lalace ne. Ya jona ta, ya sa mitarsa, ya ce in duba. Ba a saka komai ba, ko tari sifika ba ta yi, amma tana jan kusan wat 40. Ya ce in taɓa ƙarfen bayanta mai haƙora kamar mataji. Na taɓa, da ɗumi. Ya ce: “To ka ji inda batirinku ke tafiya. Lafiyarta lau, haka aka ƙera ta.”

A nan ne bayanin yake, ku ɗan ba ni hankalinku.

Aikin amfilifaya ɗaya ne: ta karɓi ɗan siginar da ke fitowa daga waya ko rediyo, wanda ba shi da ƙarfin motsa komai, ta ɗebo wuta daga batir ko soket ta siffanta ta da kamannin siginar, har ta iya tura takardar sifika gaba da baya. Masana sun kasa hanyoyin yin wannan aiki aji-aji, suka ba su haruffa. Tsofaffin na gidajenmu galibi 'yan ajin AB ne. Ƙananan da suka cika kasuwa yanzu 'yan ajin D ne.

Ka ɗauka ɗan kabu-kabu ne ya murɗe totur har ƙarshe bai saki ba, sai ya riƙa daidaita gudunsa da birki. In yana son tafiya a hankali ya danne birki sosai, in yana son gudu ya sassauta. Zai isa inda za shi, tafiyar ma za ta yi santsi, amma mai yana ƙonewa a banza kuma birkin zai yi zafin da ba ya taɓuwa. Haka tiransistocin ajin AB suke aiki: a buɗe suke rabi-rabi, suna tare wutar da ba a buƙata, wutar da suka tare kuma ita ke zama zafi. A lissafin takarda, iyakar abin da irin wannan tsari zai isar wa sifika shi ne kashi 78.5 cikin 100 na wutar da ya ci, kuma wannan sai an ƙure murya. A muryar da mutum ke saurare cikin ɗaki, abin da ke zama sauti ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Mafi yawa ɗumama ɗaki yake yi, a garin da ba mu roƙi ƙarin zafi ba.

Ajin D kuwa wani ɗan kabu-kabun ne da ba ya taɓa birki. Totur ɗinsa matsayi biyu gare shi: a murɗe gaba ɗaya, ko a sake gaba ɗaya. In yana son gudu, ya daɗe a murɗe ya ɗan saki. In yana son tafiya sannu, ya ɗan murɗa ya daɗe a sake. Za ka ce ai fasinja zai sha jijjiga. Gaskiya ne, in a hankali yake yi. Amma in yana yi da saurin da ya wuce misali, nauyin babur ɗin zai shanye jijjigar, tafiya ta zama sumul. Tiransistan ajin D makunni ne kawai, kunna-kashe, sau wajen dubu ɗari huɗu a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. A bakin fita kuma akwai naɗin waya da ake ce wa koyil, da kwandensa, su ne nauyin babur ɗin: su tace kunna-kashen su bar sautin ya wuce. Makunnin da ke kunne sosai ba ya tare wuta, wanda ke kashe kuma wuta ba ta bi ta cikinsa, don haka zafin kaɗan ne. Shi ya sa ake samun kashi 90 cikin 100 ko sama da haka yana isa sifika.

Af, kafin in manta: harafin D ɗin nan ba daga kalmar dijital ya fito ba, kamar yadda masu shago ke faɗa. Harafi ne kawai da ya biyo bayan C.

Abokina ya jawo wani ɗan allo daga aljihun teburinsa, bai kai tafin hannu ba. Ƙwayar da ke tsakiyarsa, wadda masu gyara ke ce wa aisi, TPA3116 ce ta kamfanin Texas Instruments na Amurka. Ya jona shi kai tsaye a batir, babu inbata. Mita ta nuna bai kai wat 2 ba a zaune. Ya ɗaura masa tsofaffin sifikunmu ya saka kiɗan kotso na Narambaɗa. Wallahi na leƙa bayan tebur ina neman inda ya ɓoye babbar amfilifaya.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce, arha ce ta yi. Tun shekarun 1950 aka san dabarar. A 1964 kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar da wata ƙarama mai suna X-10, aka tallata ta a kan wat 10, masu saye suka tarar abin da take bayarwa bai wuce kusan wat 2 da rabi ba. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa. Sony ta fitar da tata a 1978. Amma shekaru da dama masu kunnen sauti a Turai da Amurka suna raina ajin D, suna cewa muryarta a bushe take, ta dace da sifikar mota da ta filin taro, ba ta ɗakin saurare ba. Kuma a lokacin suna da hujja. Abin ya fara juyawa ne da wani kamfanin Amurka mai suna Tripath ya fito da aisinsa a shekarun 1990. Wajen 2005 wata 'yar amfilifayar roba mai suna T-Amp, mai aiki da ƙananan batura takwas, wadda kuɗinta dala 30 ne da 'yan kai, ta sa mutanen da suka kashe dubban daloli a kayan sauti suna ta gardama da juna. Tripath ɗin ya karye a 2007, amma ƙofa ta riga ta buɗe. Yau kamfanoni irin su Hypex na ƙasar Holan da ICEpower da Purifi na Denmak suna ƙera ajin D da manyan kamfanonin kayan sauti kamar NAD ke sakawa a na'urorinsu masu tsada. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ma, ɗan sifikarta da ajin D yake magana. Haka 'yar empin Bluetooth da kake rataya a babur.

Su can gardamarsu a kan daɗin sauti ne. Mu nan tambayarmu ita ce: fanka za ta kai asuba?

To yanzu ga inda ake cutar mu, kuma nan ne nake so matasa su buɗe ido. Ka shiga Babbar Kasuwar Sakkwato, ko Sabon Gari a Kano, ko ka yi oda daga Alaba ta Legas, za ka ga kwali an rubuta wat 1000, wani 2000, wani har 5000, a jikin abin da bai fi akwatin ashana uku ba. Kusa da lambar, in ka duba da kyau, sau da yawa za ka ga PMPO da ƙananan haruffa. Wannan ba ma'auni ba ne da wani ya tsaya a kansa, lambar talla ce. Wadda ake iya kamawa ita ce RMS, ita ma sai an faɗa maka a bolt nawa da kuma sifika mai om nawa.

Ga lissafin da za ka yi a tsaye gaban mai shago. Irin waɗannan alluna, iyakar abin da za su ba sifika ɗaya ba tare da murya ta fashe ba shi ne: bolt sau bolt, a raba da ninki biyu na om ɗin sifikar. Batir mai bolt 12, sifika mai om 4: 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 8, ya zama wat 18. In sifikar mai om 8 ce, wat 9. Shi ke nan. Ko an rubuta miliyan a kwali, daga bolt 12 kai tsaye ba za ta wuce nan ba, sai in akwai wani sashe a ciki da ke ɗaga bolt ɗin, kamar yadda manyan amfilifayun mota suke da shi. Ita kanta TPA3116, takardar kamfaninta ta ce wat 50 sau biyu, amma a bolt 21 da sifika mai om 4. Wato abin da Sinclair ya yi wa Turawa a 1964 shi ake yi mana yau, sifili kawai aka ƙara.

Na san wani zai ce wat 18 ai wasa ne. Ba wasa ba ne. Sifikar gida ta kirki, in ka ba ta wat 1 tak ka tsaya mita ɗaya daga gabanta, tana ba da desibel 85 zuwa 90, ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Kuma kunne ba ya lissafi irin na kasuwa: in ka ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan za ka ji. Kafin ka ji kamar ƙara ta ninka, sai ka ninka wat wajen sau goma. Saboda haka wanda ke da wat 18 da sifika mai kyau ya fi wanda ke da wat 100 da sifikar da takardarta ta yage. Ni da za a ba ni kuɗi a ce in zaɓa, kashi mafi tsoka a sifika zan zuba.

In kana son ƙarin ƙarfi, dabarar da masu gyara suka gano ita ce cajar laftop. Yawancinsu bolt 19 suke bayarwa, kuma mai wat 65 tana ko'ina a kasuwa. Da ita allon zai buɗe murya fiye da ninki biyu na abin da batir ke ba shi. Sai dai ka nemi ta asali ko da tsohuwa ce. Na gwada wata sabuwa mara nauyi, irin ta bugi, sai ga wani tsiii a sifika kamar sauro ya shiga kunne. Mutane da yawa da ke cewa ajin D ba ta da daɗin murya, cajarsu ce ba ta da kyau.

Akwai kuskure uku da na ga sun ƙona wa mutane kaya, ɗaya ni na yi shi.

Nawa shi ne na bolt 24. Wani maƙwabcinmu yana da batura biyu a jere, ya ce in haɗa masa irin tawa. Na duba takarda, an ce aisin yana ɗaukar har bolt 26. Na ce 24 ai bai kai ba, na jona. Da dare lafiya lau. Washegari da rana ta take, kwantirola tana cajin baturan, bolt ya haura 28. Ƙauri kawai muka ji. Batirin da ake kira mai bolt 12 yana kaiwa 14 da ɗoriya in ana cajinsa, biyu a jere kuwa ka ninka. Na biya kuɗin allon daga aljihuna, kuma har yau in mun haɗu a masallaci sai ya tambaye ni ko digirin nawa na ƙona kaya ne. A kan wannan dalili, kada ka kuskura ka jona amfilifaya kai tsaye a farantin sola. Ƙaramin faranti da ake ce wa na bolt 12 yana haura 20 in babu kaya a kansa, manyan kuma sun ninka haka. Ka sa fiyus kusa da batir, kuɗinsa bai kai na lemo ba.

Na biyu, wayoyin sifika. A tsohuwar amfilifaya mun saba baƙar waya ta hagu da ta dama duk abu ɗaya ne, wasu ma murɗe su suke yi wuri guda. A waɗannan alluna kowace waya da wutarta, har baƙar. Ka haɗa su, ko ka bar ɗaya ta taɓa ƙarfen akwati, in ka yi sa'a allon ya kashe kansa, in ba ka yi ba ka koma kasuwa.

Na uku, ƙure murya. In ka ji sauti ya fara fashewa, amfilifayar ta kai iyakar bolt ɗinta ne, tana yanke kan siginar. Wannan fasasshen sauti shi ke ƙona ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririyar murya. Abin mamaki, ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta fi babba saurin kashe ta. Ranar biki ake yawan yin wannan ɓarna, in an ba yara waya su zaɓi waƙa.

Ba zan ɓoye muku aibinta ba. Mai arhar ba ta jin sifika iri ɗaya: siririyar murya takan ƙaru ko ta ragu gwargwadon om ɗin sifikar da ka ɗaura, saboda koyil ɗin bakin fita an auna shi ne da wani om. Masu tsadar sun magance wannan, namu na kasuwa ba duka ba. Akwai kuma jabun aisi da ake gogewa a sake buga suna. Sannan ga wadda ta fi damuna: gyara. Tsohuwar amfilifayarmu in ta ƙone, abokina zai cire tiransista biyu, irin 2SC5200 da 2SA1943 da kowane mai gyara ya haddace lambarsu, ya sa sababbi, ta tashi. Shekara ashirin tana yi ana gyara ta. Wannan kuwa ƙafafun aisinta sun yi siririn da ƙarfen like na gargajiya ba ya kama su, sai da na'urar hura iska mai zafi irin ta masu gyaran waya. Galibi cire allon ake yi a jefar a sa wani. Abokina ya ce aikin da yake ci da shi yana komawa canjin allo, kuma ribar canjin allo ta mai shigo da kaya ce. Yanzu haka yana zuwa Sakkwato wurin wani mai gyaran waya yana koyon aiki da na'urar, da kuɗinsa.

Ƙurar hunturu kuma, a nan ajin D ta yi mana rana. Da yake ba ta zafi sosai, ba ta buƙatar fanka mai zuƙo ƙura ciki. Tawa a cikin robar abinci na saka ta, na huda 'yan ramuka a gefe.

Saura labarin rediyon Kawu, wanda shi ya kusa sa a kori amfilifayar daga gidan gaba ɗaya. Kawuna mutumin gajeren zango ne. Tun kafin a haife ni ya fara kama BBC da Muryar Amurka da Jamus a rediyonsa mai eriya, kuma bai yarda da labarin da ya fito daga waya ba. Kwana biyu da haɗa sabon allon, ya kira ni zaure bayan sallar isha'i, rediyo a kunne yana ta shuuu.

Ya ce: “Kai, mi kak kawo muna cikin gidan ga? Tun shekaranjiya ban ji labaru ba.”

Na ce: “Kawu, ai wannan ba ruwansa da rediyo, kiɗa kawai yake fitarwa.”

Ya ce: “Tai ka kashe shi mu gani.”

Na je na cire waya daga batir. Kafin in dawo, muryar mai karanta labarai ta fito tas. Kawu bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, irin kallon da ya fi magana ciwo.

Gaskiyarsa ce. Ku tuna kunna-kashen nan sau dubu ɗari huɗu a daƙiƙa. Tashoshin matsakaicin zango suna farawa ne daga wajen kilohaz 530, kuma kunna-kashe irin wannan yana haifar da 'ya'ya a ninki biyu, ninki uku, har can cikin gajeren zango. In tacewar bakin fita ba ta da kyau, wayar sifika sai ta zama eriya, gidanka ya koma ƙaramar tashar watsa hayaniya. Masu ƙera aisin sun san da matsalar, har sun sa hanyar sauya saurin kunna-kashen don a kauce wa tashoshin. Amma masu haɗa alluna masu arha sukan rage koyil, wasu ma su cire shi. FM ba ta cika damuwa ba, shi ya sa mu matasa ba mu lura.

Abin da muka yi, na koma Bodinga muka canza allon da wani mai koyil huɗu manya da ake gani da ido. Na gajarta wayoyin sifika, da ma na bar su sun yi tsawon igiyar shanya, na murɗa kowace biyu tare kamar tufka. Abokina ya ciro zoben baƙin ƙarfen nan da ke jikin tsohuwar wayar kwamfuta, muka zura wayar wuta ta ciki sau uku. Robar abincin ma muka sauya ta da gwangwanin ƙarfe. Hayaniyar ta ragu sosai, amma in rediyon ya matso kusa har yanzu ana jin ta kaɗan a wasu mitoci.

Saboda haka aka yi sulhu irin na gida. Lokacin labarun safe da na dare, amfilifaya a kashe take, ko wa ke saurare. Kawu kuma ya yarda a riƙa jona masa tafsiri a manyan sifiku da azumi, don ya ce ya fi jin muryar malamin a nan. Tsohuwar mai nauyin tana ƙarƙashin gadon yayana, ya hana a sayar, wai ranar da wuta ta zauna zai fito da ita. Fanka kuwa tana kaiwa asuba.

Nan za mu tsaya a wannan mako. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.